Mashin Marar Ladabi

Tun da na auri Salihatu ban taɓa isa ƙofar mahaifinta da inji a kunne ba. Ba wanda ya koya mini, gani na yi ana yi a unguwarsu, na bi. A bakin layin akwai wani ƙaton mangwaro inda 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja. Daga nan hanya gangara ce har ƙofar Baba Mailafiya. In na kawo gindin mangwaron sai in murɗe makulli, mashin ya yi tari ya mutu, in gangara shiru, in sauka, in tuɓe takalmi in gaida shi. In mun gama in ci gaba da gangarawa, sai na sha kwana in saka giya ya tashi, in wuce kasuwa. Kowace safiya haka, sai dai ranar da na tafi sarin hatsi Bangi ko Tungan Magajiya.

Mashin ɗin nawa kuwa ba na ɓoyo ba ne. Salansarsa ta daɗe da fashewa, kuma baƙin mai yake sha kamar fetur. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Sarkin Hayaƙi. In na buga shi a gidana a Tudun Wada, karnukan wata unguwa ma sun san na tashi. Saboda haka in ƙarar nan ta yanke a gindin mangwaro, layin gaba ɗaya ya san surukin Mailafiya ya iso, kuma ya yi ladabi.

Baba yanar ido ta ci ƙarfinsa, haske da duhu kawai yake bambantawa. Yana zama a kan buzu a ƙofar gida, a gefensa Baba Andarawus a kan kujerar roba. Andarawus maƙwabcinsa ne tun suna da ƙarfi, manomi ne da ya bar wa 'ya'yansa gona a Sahon Rami. Ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, aikinsu ɗaya daga safe har yamma: tsokanar juna. Surukan Andarawus duk suna Minna, sai dai su kira a waya. To nan Baba yake samun sa. Da zarar na kashe inji zai ɗaga yatsa.

"Ka ji? An kashe."

"Na ji," in ji Andarawus. "Mai ne ya ƙare."

"Hassada za ta kashe ka. Kai naka surukan a waya suke durƙusa maka."

Abin da ya raba ni da Sarkin Hayaƙi ƙirjin Salihatu ne. Mashin ɗin ba ya tafiya sai an bar shi ya yi zafi, ni kuma a zaure nake kwana da shi, a nan nake tayar da shi. Hayaƙin ya cika zaure ya shige cikin gida. Na gwada fitar da shi waje, to tagar ɗakinta kan layi take kallo, iska ta mayar mata da shi. Ta fara da tari, daga baya numfashinta ya koma yana fito kamar usur. Na kai ta asibiti.

Likitar ta ce, "Da itace kike girki?"

"A'a, da gas."

"Ana shan taba a gidan?"

Na ce, "A'uzubillahi."

"To wane hayaƙi take shaƙa?"

Salihatu ta kalle ni, ta kalli ƙasa. Ni ma na kalli ƙasa. Likita ba yarinya ba ce, ta gane akwai magana, ta matsa har aka faɗa mata. Ta ce, "Malam, magani zan ba ta, amma in hayaƙin nan bai tsaya ba, sayen maganin asara ce."

Na fito raina a ɓace. Ba don ta yi ƙarya ba, don ta faɗi gaskiya a gaban matata.

A hanya Salihatu ta roƙe ni abu ɗaya. "Baban Hadiyya, don Allah kada Baba ya ji maganar nan. Ka san ciwon ƙirji ne ya tafi da Inna. In ya ji ba zai ƙara barci ba." Na yi mata alkawari.

Kusa da rumfata a kasuwa akwai shagon Solomon, mai cajin waya da sola. Kwanakin nan ya fara kawo mashina masu caji, ƙanana, masu wurin ajiye ƙafa a gaba. Da ma kullum ina yi masa dariya a kansu. Ranar sai na je na tsaya ina kallo, ban yi dariya ba.

"Ba fetur, ba baƙin mai, ba fulogi, ba hayaƙi," in ji Solomon. "Jona shi za ka yi kamar waya."

"Zai kai ni Bangi?"

"Ba zai kai ka ba. Kai ma ai a mota kake zuwa."

"Zai ɗauki buhu?"

"Rabin buhu, in kana tausayinsa."

"To me yake yi?"

"Gida zuwa kasuwa, kasuwa zuwa gida. Masallaci, asibiti, ta'aziyya. Malam Abdulfatahi, ina kuma kake zuwa?"

Na tsaya na yi tunani. Ba inda nake zuwa. Duk hayaniyar da nake cika gari da ita, tsakanin Tudun Wada da kasuwa ce. Muka shirya a kan zan riƙa jona shi a solar shagonsa yayin da nake awo, tunda wutar gari ba abin dogaro ba ce. Na ɗauki ja. Sarkin Hayaƙi na jingine shi a bayan rumfa, na rufe shi da buhu.

Washegari da na iso gindin mangwaro 'yan kabu-kabu suka miƙe tsaye. Babbansu Bitrus ne, shi ke kai Baba masallacin Juma'a duk mako, kuma bakinsa ya fi mashin ɗinsa gudu.

"Kai jama'a! Malam, na Hajiya ka aro?"

"Ina salansar? An sace a hanya?"

"Ku bar shi," in ji Bitrus. "Ranar da caji ya ƙare za mu sha kallo. Gemu a gaba, turi a baya."

Na tsaya na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ku da kuke kwana a layin gidan mai kuke maganar turi? Ranar da kuka ga na tura mashin ɗin nan da hannuna, ku canza mini suna. Ku kira ni duk abin da kuka ga dama, zan amsa."

"Mun ji, mun riƙe," in ji Bitrus. "Sunan ma mun zaɓa. Malam Baro."

Na murɗa totur na wuce. Hannuna ya kai kan makulli don sabo, sai na tuna ba abin da zan kashe. Na gangara, na tsaya a gaban Baba, na sauka, na durƙusa. Yana riƙe da kwanon koko. Andarawus ya gan ni sarai, amma mugun tsohon nan ya yi shiru.

"Salamu alaikum, Baba. An tashi lafiya?"

Baba ya zabura, koko ya malale a kan riga.

"Innalillahi! Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Abdulfatahi."

"Daga sama ka faɗo? Ina mashin ɗin?"

"Ga shi a gabanka," in ji Andarawus, yana dariya har da tari. "Ja wur, kamar na amarya."

Na yi masa bayani iya yadda zan iya ba tare da na taɓa maganar Salihatu ba. Na ce tsadar mai ce. Ya ce a matso masa da shi. Ya shafa kujera, ya shafa taya, ya laluba inda ya kamata salansa ta kasance, ya ji wayam. Ya taɓa cikin, sanyi ƙalau.

"Ina injin?"

"Babu, Baba. Batir ne."

"To da ka zo gindin mangwaro me ka kashe?"

"Ba komai."

"Ba komai," ya maimaita. Ya goge hannu a riga.

"Shi ke nan, Mailafiya," in ji Andarawus. "Ladabi ya koma caji. Ka dawo layinmu, mu da ake gaisarwa a waya."

Na ɗauka wasa ne zai wuce. Kwana biyu ina zuwa, yana amsa gaisuwa a taƙaice, ba ya tambayar kasuwa, ba ya tambayar farashin dawa. Sai na ce bari in yi dabara. Tunda ƙara yake so, mashin ɗin yana da oda. Da na kawo gindin mangwaro na danna ta sau biyu, na gangara ina jin na warware matsala.

Na tarar Baba ya miƙe tsaye da sandarsa.

"Ni kake wa oda? Ni? Akuya ce ni a kan titi?"

"Baba, don ka san na iso ne."

"Wanda yake kashe mini inji shi ne yau yake danna mini oda! Andarawus, ka ji da kunnenka?"

"Na ji. Wannan kam ko ni ban goyi baya ba."

"Ka ɗauke mashin ɗinka marar ladabi ka bar mini ƙofa. In za ka gaida ni, ka zo da wanda na sani. In ba shi ba, ka riƙe gaisuwarka, na yafe."

Ya shige gida. Tun da nake da shi bai taɓa juya mini baya ba.

Salihatu ta je ta same shi da rana. Ta dawo idonta ja. Ta ajiye mini abinci ta zauna, abin da ba ta saba yi ba in tana da aiki.

"Ba taurin kai ba ne kaɗai," ta ce. "Cewa ya yi ido ya tafi, kunne ya rage masa. Wai tun kana buga mashin a nan yake jin ka, ya rako ka da kunne har bakin layi. In ka kashe, ya san ka tuna da shi tun kafin ka gan shi. Yanzu sai dai ya ji mutum a kansa kamar ɓarawo."

Na ci gaba da cin tuwo.

"Ka sauka a gindin mangwaron mana, ka turo shi. Zai ji takunka."

"A gaban su Bitrus? In tura? Kin san abin da na faɗa musu?"

"Na ji labari. Garin nan wa bai ji ba?"

"To ba zan tura ba. Mashin lafiyayye, da cajinsa."

Ta matso mini da ruwan sha. Sannan ta ce, "To ka dawo da tsohon. Zan riƙa fita bayan gida in ka tashi buga shi. Na fi son tarin a kan in ga ku biyu haka."

Na kalle ta. Tun da aka rufe Sarkin Hayaƙi da buhu take kwana ba ta tashi neman abin shaƙa. Har waƙa na ji tana yi wajen wanke-wanke.

Na ce, "Wannan kuma ba za a yi ba."

"To ba za ka tura ba, ba za ka dawo da shi ba, ba za a faɗa masa gaskiya ba. Me za a yi?"

"Oho."

Haka muka zauna. Na canza hanya, ina zagayawa ta bayan makarantar firamare. Mashin dai ba laifi. Ba ya ƙin tashi da safe, rigata ta daina wari, kuma na rabu da bakanike. Amma duk safiya in na zo mararrabar da nake juyawa zuwa layin Baba, sai in ji kamar na fito ba hula.

Ana cikin haka fetur ya yi wuya a gari. Gidajen mai suka rufe, ɗaya da ya buɗe layinsa ya kai har gada. 'Yan bumburutu suka ɓoye galan. Ranar Juma'a tituna suka yi fayau, sai masu tafiya a ƙasa da kekuna. Ni kuwa ina ta shawagi abina. Na wuce layin gidan man a hankali, da gangan, na ɗaga wa Bitrus hannu. Ya kau da kai.

Ina rufe rumfa zan tafi wanka wayata ta yi ƙara. Andarawus ne.

"Abdulfatahi, zo ka ɗauki kayanka."

"Wane kaya, Baba?"

"Surukinka. Ya sa babbar riga, ya sha turare, yana zaune tun ɗazu. Bitrus yana layin mai. Yanzu wai da ƙafa zai tafi babban masallaci, ni in ja masa sanda. Da wace gwiwar? Kuma in an gan ni a sahu me zan gaya wa fasto?"

"Ya ce kada in zo ƙofarsa."

"Ƙofata za ka zo. Ita ma an hana ka?"

Baba tun yana saurayi bai taɓa yin Juma'a a wani wuri ba sai babban masallaci. Na san in ya rasa ta yau, ba zai ce komai ba, amma zai kwanta ciwo. Na tafi. Tun daga nesa na fara rangaɗa sallama da ƙarfi don kada a sake zubar da wani abu.

"Wa ya kira shi?" in ji Baba.

"Ni," in ji Andarawus. "Tashi ka hau."

"Ba zan hau ba. Ko da mashin ɗin arziki ne, ina aka taɓa yi? Ni da mijin 'yata a kujera ɗaya, in rungume ƙugunsa a tsakiyar gari?"

"Wa ya ce ka rungume shi? Ba ni dardumar nan." Andarawus ya naɗe dardumar Baba ya ɗora a tsakiyar kujera. "Ga iyaka. Can ƙasarsa, nan ƙasarka. Ga ƙarfe a baya ka riƙe. Ko ka hau, ko ka zauna mu yi hira, in an fara huɗuba in kunna maka a rediyo kamar mai jego."

Wannan ta ƙarshen ce ta tayar da shi. Muka kama shi ya hau, ya tattare riga, ya riƙe ƙarfe. Na murɗa a hankali muka tafi.

Mun fita layi mun hau kwalta sai na ji ya ce, "Mun tashi ne?"

"Tun ɗazu, Baba."

Ya karkata kunne. Can ya ce, "Wannan bugun fa? Maƙera ne?"

"Su ne."

"Ashe suna nan. Na ɗauka an tashe su."

Muka wuce telolin bakin titi, ya ce ya ji keken ɗinki uku, ɗaya yana buƙatar mai. Wani mai shago ya ɗaga murya, "Baba Mailafiya, barka da Juma'a!" Baba ya juya da sauri har mashin ya yi tangaɗi.

"Wa nake ji kamar ɗan gidan Maikifi? Yaya ƙafar babanka?"

"Da sauƙi, Baba!"

"Rage gudu," ya ce da ni. Umarni na farko ke nan da ya ba ni tun ranar da ya kore ni.

"Baba, keke ma ya wuce mu."

"Na ce ka rage."

Na rage. Daga nan sai gaisuwa ta ɓarke. Mutane suna tafiya a ƙasa rukuni-rukuni saboda rashin mai, kowa ya gan shi sai ya yi magana, shi kuma yana kiran sunaye, yana tambayar na gida. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta ce masa ta yi fushi, shekara da shekaru tana gaida shi in Bitrus ya wuce da shi, bai taɓa amsawa ba.

"Fure, ke ce? Wallahi ban taɓa ji ba. A bayan Bitrus ba abin da nake ji sai salansa da iska."

A kan gada ya sa na tsaya ɗungurungum. Ya karkata kai. Ƙarƙashinmu ruwa yana gudu, mata suna bugun wanki, tsuntsaye suna ta hayaniya a cikin ciyawa. Shekaru nawa nake bin gadar nan safe da yamma, ni ma ban taɓa sanin tana da sauti ba.

"Baba, za a tayar da salla."

"Mu je."

Da ƙyar muka samu gefen sahu a waje. Na shimfiɗa masa iyakar tamu ya yi salla a kai.

A hanyar dawowa ya daina riƙe ƙarfe, ya ɗora hannu a cinya kamar yana kan buzunsa. Muka yi nisa. Sai ya ce, "Abdulfatahi."

"Na'am, Baba."

"Salihatu ta zo jiya. Ta daɗe tana mini surutu."

"Haka ta ce."

"Ban ji usur ɗin nan a ƙirjinta ba."

Na zuba wa hanya ido. Alkawari na ɗauka.

"Kun ɗauka ban sani ba? Na daɗe ina jin sa. Irin na uwarta ne sak. Na ga tana ɓoyewa, ni ma na ɓoye mata cewa na ji." Ya buga kujerar mashin da tafin hannu. "Saboda ita ka sayi abin nan?"

"Baba, ni dai an ce kada in faɗa."

"Ai ba ka faɗa ba. Ina tsohon?"

"Yana bayan rumfa."

"Ka sayar wa masu gwangwan. Kada in ƙara jin sa."

Ban san lokacin da na saki dariya ba. Shi ma na ji kafaɗarsa tana rawa. Na ce a raina shi ke nan, an gama, na ci riba biyu: ga Baba, ga mashin.

Da muka doso mangwaro na hango su Bitrus. Man ya ƙare kafin layi ya zo kansu, sun turo mashinansu tun daga gidan mai, sun zube a inuwa suna fifita da hula. Na gyara zama. Na riga na shirya abin da zan faɗa musu, tun a masallaci nake tsara shi, Allah ya yafe mini.

Sai Baba ya taɓa kafaɗata.

"Mun zo mangwaro. Na ji inuwa."

"Mun zo, Baba."

"Tsaya. Sauka."

Na tsaya. Na sauka, na miƙa hannu zan taimaka masa.

"Ni na ce zan sauka? Ina nan. Kai dai tunda ba ka da abin kashewa, sai ka tura."

Na kalli su Bitrus. Duk sun daina fifita. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Baba, ka san abin da na faɗa wa yaran nan?"

"Garin nan wa bai ji ba?"

Na tsaya riƙe da kan mashin. Cajinsa ko rabi bai ci ba. In na hau na murɗa, ba mai kama ni. Na tuna da Salihatu tana waƙa wajen wanke-wanke, na dubi tsohon nan da ya gyara babbar riga ya miƙe wuya yana jira. Na cire makulli na sa a aljihu, na kama da hannu biyu, na tura.

Ihun da ya tashi a gindin mangwaron nan ya fi ƙarar Sarkin Hayaƙi.

"Malam Baro! Malam Baro ya tabbata!"

"A kawo ragon suna!"

Bitrus har da hawa kan benci. Baba ya ɗaga masa hannu kamar mai ba da umarni, aka yi shiru.

"Bitrus, kai ma na ji yau turi ka yi."

"Na yi, Baba."

"Me ka ɗauko a kai?"

"Ba komai, Baba."

"To ka ji bambanci. Matsa mu wuce."

Gangara ce, don haka aikin ba turi ba ne sosai, riƙewa ne kada ya kufce da tsohon mutane. Takalmina yana ta jan ƙasa. Mata suka leƙo ta zaure, masu dawowa daga masallaci suka tsaya. Baba yana zaune yana amsa gaisuwa dama da hagu. Andarawus ya miƙe daga kujerarsa ya dafa ƙugu.

"Me zan gani haka?"

"Ni ma ban gani ba," in ji Baba, "amma na ji daɗinsa. Kira surukanka na Minna su tura ka a waya."

Sunan dai ya zauna. Har a kasuwa yanzu Malam Baro ake kira na, kuma ina amsawa, tunda ni na ce. Salihatu ta yi dariya har na ji tsoron kada tarin ya dawo, bai dawo ba. Sarkin Hayaƙi masu gwangwan suka auna shi suka tafi da shi. Bitrus ya rasa fasinjan Juma'a, kuma Solomon ya gaya mini ya zo shago sau biyu yana shafa wani shuɗi, wai kallo kawai yake yi.

Kowace safiya in na kawo gindin mangwaro sai in sauka, su yi ihunsu, in gangara ina jan takalmi da gangan don a ji ni. Tun daga nesa nake hango yatsan Baba a sama.

"Ka ji? Ya sauka."

"Na ji," in ji Andarawus. "Caji ne ya ƙare."

Ran Lahadin da ta wuce na tarar da Andarawus ya sa kwat, ya riƙe littafinsa, yana tsaye a bakin hanya. Wai gwiwa ta matsa, in rage masa hanya zuwa coci. Na ɗauke shi, na jira aka tashi, na dawo da shi. Da muka zo mangwaro ya taɓa kafaɗata.

"Tsaya. Sauka."

Na ce, "Baba Andarawus, 'yarka nake aure?"

Na murɗa totur muka gangara.